Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malaman Adabin Turanci: Kada Ku Jibga wa Gidan Ewell Laifin Maycomb Duka

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da ƙoƙari, musamman ku da ke fama da 'yan aji biyar da aji shida na sakandare. Dalilin wasiƙar nan shi ne littafin Harper Lee mai suna To Kill a Mockingbird, wanda hukumar WAEC ta saka cikin littattafan jarrabawar adabi daga 2026 zuwa 2030. Na san halin da kuke ciki. Aji a cike, kwafin littafin bai wadata ba, zango gajere, ga babi 31 da Turancin kudancin Amurka wanda ko malami sai ya maimaita jimla kafin ta zauna masa. Don haka ban ga laifin wanda ya jingina da 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa ba. Abin da nake gudu shi ne irin labarin da yaro zai tashi da shi idan a nan aka tsaya: wai wani lauya farar fata mutumin kirki ya tsaya wa baƙar fata da aka yi wa ƙazafin fyaɗe, wani matsiyaci mashayi ya yi sanadin halakarsa, saboda haka wariyar launin fata ba ta da kyau. Yaro zai iya samun makinsa da wannan. Sai dai wannan shi ne ainihin labarin da manyan garin Maycomb, inda labarin ke gudana, za su so a bayar a kansu, domin ya wanke su tas, ya bar mashayin nan, Bob Ewell, shi kaɗai da ɗaukar kaya.

Malamai, ku duba babi na 23. A nan ne Jem, yaro ɗan shekara 12 da 'yan kai, yake shaida wa ƙanwarsa Scout cewa ya gano mutane iri huɗu ne a duniya: irinsu su 'yan gidan Finch da maƙwabtansu, sai irin su Cunningham na ƙauye, sai irin su Ewell na bakin juji, sai baƙar fata. Ya ce irinsu ba sa son su Cunningham, su Cunningham ba sa son su Ewell, su Ewell kuma sun tsani baƙar fata. Wannan rabo da sauƙin rubutawa yake a allo, kuma na tabbata zai shiga littafin rubutun kowane ɗalibi. Amma ku lura da abin da ya ɓoye. A lissafin Jem, ƙin baƙar fata daga gidan Ewell ya fara, kamar waɗanda ke sama ba ruwansu. Lissafin yaro ne da zuciyarsa ta karye bayan shari'a, yana neman inda zai ajiye laifi ba tare da ya taɓa unguwarsu ba. Sauran littafin kuwa ƙaryata shi yake yi, shafi bayan shafi.

Mu fara da gidan da aka fi yabo. Tun a babin farko Scout, mai ba da labarin, ta gaya mana yadda arzikin Finch ya kafu. Kakan kakanninsu, Simon Finch, ya zo daga Ingila, ya tara kuɗi da sana'ar magani, ya sayi bayi uku, da ƙarfinsu ya kafa gandu a bakin kogin Alabama. Audugar gandun nan ce ta riƙe zuri'ar, har aka zo kan Atticus, mahaifin Jem da Scout kuma lauyan labarin, da ya tafi Montgomery karatun lauya, ƙanensa Jack ya tafi Boston karatun likita. Calpurnia, wadda ke dafa musu abinci tana renon yaran, a wajen gandun nan ta tashi tana yi musu aiki, daga can ta biyo Atticus gari da ya yi aure. An soke bauta a Amurka a 1865, labarin kuma yana gudana ne tsakanin 1933 da 1935, wato shekara 70 ke nan, amma har lokacin wanda ke zaune a tebur da wadda ke tsaye a kicin ba su sauya wuri ba. Ba na cewa a zubar wa Atticus mutunci a gaban yara. Ya yi abin da kaɗan ne za su iya, ya zauna cikin dare a ƙofar kurkuku yana gadin wanda yake karewa, an tofa masa yawu a fuska bai rama ba. Cewa nake a nuna musu ƙasar da yake tsaye a kai.

Gwaggo Alexandra, 'yar'uwar Atticus, kuwa ba za ku sha wahalar bayyana ta ba. Duk yaron da ya taɓa jin manya na tambayar "ɗan gidan wa ne?" a lokacin neman aure zai gane ta tun kafin ta rufe baki. A wurinta kowane gida da tabonsa: waɗannan shaye-shaye, waɗancan caca, waɗancan rowa. Mutanen kirki su ne waɗanda suka daɗe zaune a kan fili guda, har Jem ya yi mata ba'a cewa in haka ne su Ewell ma manyan mutane ne, tunda sun yi zuri'a uku a bayan juji. Da Scout ta ce za ta gayyato Walter Cunningham gida su yi wasa, gwaggon ta hana, ta ce ko an wanke shi ya yi ƙyalli, an sa masa takalmi da sababbin kaya, ba zai zama kamar Jem ba. Ta kuma hana Scout zuwa gidan Calpurnia, ta nemi ma a sallame ta daga aiki. Ku bar yara su yi dariyar gane ta, amma kada ajin ya zarce hirar gida daga nan. Maganar asali a Alabama ta wancan zamani ba a bakin gwaggo kaɗai ta tsaya ba, doka ce da kotu da kurkuku a bayanta.

Su Cunningham ne suka fi ba ni aiki a littafin nan, kuma a kansu nake roƙon ku ɓata lokaci. Manoma ne na Old Sarum waɗanda karayar tattalin arzikin 1929 ta durƙusar. Walter ya zo makaranta ranar farko ba takalmi, ba abincin rana, amma rigarsa wankakkiya ce, wandonsa an yi masa faci tsaf. Sabuwar malama ta miƙa masa santi 25 ya sayi abinci ya biya gobe, ya ƙi karɓa, domin gidansu ba sa karɓar abin da ba za su iya mayarwa ba. Mahaifinsa ba shi da kuɗin biyan Atticus aikin lauya, sai a wayi gari a ga itacen girki a bayan gida, wani lokaci buhun 'ya'yan itace, wani lokaci ganyen miya, har bashin ya fita. Wane ɗalibi ne ba zai so waɗannan mutane ba? To mutumin nan dai, mai gudun hakkin wani, shi ne cikin waɗanda suka cika motoci huɗu da dare suka nufi kurkuku don su ɗauke Tom Robinson, baƙar fatan da ake tuhuma, su kashe shi tun kafin a shiga kotu. Ba don Scout ta tsaya tana gaishe shi tana tambayar ɗansa Walter ba, har kunya ta kama shi ya janye mutanensa, da an yi aika-aika. Kuma irinsu ne, manoman karkara da rana ta ƙona, suka zauna su 12 a matsayin masu taya alƙali hukunci, suka ce Tom ya aikata. Babu ɗan gidan Ewell ko ɗaya a cikinsu.

A nan yaro mai kaifin kai zai ɗaga hannu: Malam, ina mutanen gari? Ina masu shaguna, ina masu ilimi, ina maƙwabtan su Scout? Jem ma ya yi wannan tambaya, kuma amsar Atticus tana cikin babi na 23 ɗin nan. Mutanen gari zillewa suke yi. Mai shago ba ya son ya yanke hukuncin da zai sa ya rasa mai ciniki, sai ya ce wa alƙali ba mai tsare masa shago, a ɗauke masa. Mata kuwa doka ba ta yarda su zauna ba, kuma haka abin yake a Alabama har 1966. Baƙar fata ba a ma kawo zancensu. Kun ga ke nan masu faɗa a ji sun bar wa talakawan ƙauye aikin da suka san yadda zai ƙare, su kuma suka zo kallo da abincinsu a dandalin kotu kamar ranar biki. Amma a yi adalci: mutum ɗaya da ya tsaya kai da fata a ɗakin shawara yana neman a saki Tom, har aka kai bayan ƙarfe 11 na dare, ɗan dangin Cunningham ne. Gida ɗaya ya fitar da mai neman kisa ya kuma fitar da mai neman saki. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu rubuta wa kowane gida hali guda a allo.

Sai gidan Ewell. Garin kaf ya san ko su wane ne. Atticus da kansa ya ce su ne abin kunyar Maycomb zuri'a uku. Suna zaune a bayan jujin gari, a wata bukka da a da ta baƙar fata ce. Yaransu na zuwa makaranta ranar farko kawai don a rubuta suna, kamar Burris da ƙwarƙwata ta fito daga gashinsa malama ta firgita. Uban yana shanye kuɗin tallafin gwamnati a giya, hukuma kuma ta kawar da kai tana barinsa ya yi farauta a lokacin da aka hana, wai don kada yara su mutu da yunwa. Ba wanda zai ba Bob Ewell bashin sisi a garin nan. Amma ranar da ya nuna baƙar fata da yatsa, maganarsa ta zama hujja. Ba a kira likita ya duba Mayella, 'yarsa da aka ce an yi wa fyaɗen, ba. Raunin da ke fuskarta a ɓangaren dama yake, alamar bahago ne ya doke ta, kuma an ga Ewell ya sa hannu a takarda da hagu a gaban kotu. Hannun hagun Tom kuwa ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya kama shi, ya fi na daman gajarta da inci 12. Duk wanda ke zauren nan ya ga wannan da idonsa. Ba yarda da Ewell aka yi ba. Daga baya Atticus ya faɗi yadda abin yake: an ce masa to, za mu kama maka baƙin nan, kai kuma ka koma jujinka. Garin ya yi amfani da shi ne kamar tsumman goge ƙazanta, aka gama aka jefar a inda aka ɗauko.

Me ya sa talaka fari zai yarda da wannan ciniki? A 1935, shekarar da aka yi shari'ar cikin labarin, masanin nan baƙar fata W. E. B. Du Bois ya fitar da bincikensa kan zamanin bayan bauta, inda ya nuna cewa ma'aikaci fari a kudu ana biyansa lada kaɗan, sai a cike masa da wani ladan da ba na kuɗi ba: a kira shi da girmamawa, ya shiga inda baƙi ba ya shiga, kotu ta saurare shi. Tsarin mulkin Alabama na 1901, da harajin zaɓe da gwajin karatu da ya kawo, ya kori kusan dukkan baƙar fata daga rajistar zaɓe, ya kuma haɗa da ɗimbin talakawa farare. Wato an ƙwace wa mutum irin Ewell kusan komai, an bar masa abu guda. Scout ta gane haka tana kallonsa a akwatin shaida, ta ce abin da kawai ya fi maƙwabtansa da shi shi ne, in aka dirje shi da sabulu da ruwan zafi, fatarsa fara ce. Maƙwabtan nan kuwa, baƙar fatan da ke gaba da juji kaɗan, gidajensu a share suke, hayaƙin girki na tashi da yamma.

Ina roƙon ku kada ku bar yara su tsani Mayella cikin sauƙi. Ƙarya ta yi, ƙaryar da ta ci ran mutum, wannan ba a ɗauke mata. Amma ku karanta musu bayanin tsakar gidan: tarkacen mota, karyayyun kayan aiki, gwangwanaye, sai a gefe guda tsofaffin fo guda shida da fentinsu ya ɓamɓare, an shuka jajayen furanni a ciki ana kula da su. Nata ne. Shekararta 19, ita ke riƙe da ƙanne bakwai, uwa ta rasu. Ta yi shekara guda tana tara santi biyar-biyar har guda bakwai don ta tura ƙannen gari shan askirim. Da Atticus ya yi mata magana da ladabi a kotu, sai ta fashe da fushi, ta ɗauka ba'a yake mata, domin ba a taɓa yi mata ba. Da ya tambaye ta ko tana da ƙawaye, ba ta ma gane tambayar ba. Akwai kuma abin da Tom ya ce ta faɗa masa game da ubanta, wanda kotu ta ji ta wuce kamar ba a faɗa ba. Ku manya kun san yadda za ku taɓo shi a aji ba tare da kun keta kunya ba. Farare ba sa kula ta don tana zaune cikin ƙazanta, baƙaƙe ba sa kusantarta don fara ce. Ku sa yara su kwatanta ta da Dolphus Raymond, attajirin da ke zaune da mace baƙa har da 'ya'ya. Garin ya ce halinsa ne, a ƙyale shi, saboda yana da fili a bakin kogi kuma ɗan tsohon gida ne. Shi ma ya sauƙaƙa musu, yana yawo da kwalba a cikin jakar takarda yana tangaɗi kamar mashayi, alhali Coca-Cola ce a ciki. Layin da Raymond ya tsallaka ya zauna lafiya, shi Mayella ta taɓa sau ɗaya, sai da aka yi asarar rai kafin a rufe zancen.

Kuma kalmar da ta kashe Tom ba ta shafi fyaɗe ba. Mai gabatar da ƙara, Gilmer, wanda ke ta kiran magidanci ɗan shekara 25 mai 'ya'ya uku da "yaro", ya tambaye shi me ya sa yake yi wa Mayella aikace-aikace ba ya karɓar ko kwabo. Tom ya ce tausayinta ya ji. Nan take zauren ƙasa, inda farare ke zaune, ya ɗauki zafi. Tausayi daga sama yake gangarowa, wanda ya ji tausayinka ya ɗauka ya fi ka da wani abu. Baƙar fata ya ji tausayin farar mace, ko da 'yar bakin juji ce, ya rushe tsarin da kowa a zauren yake cin moriyarsa, daga mai gandu har mai tsintar bola.

Babin da na fi so ku karanta da babbar murya, ko da za a tsallake wasu, shi ne na 24. Matan manyan gari sun taru a falon gidan Finch, taron 'yan mishan, ana shan shayi da kek ɗin da Calpurnia ke kawowa. Misis Merriweather, wadda aka ce ta fi kowa ibada a garin, hawaye na cika mata ido in ta tuna wata ƙabila da marubuciyar ta ƙirƙira, Mruna, can a dajin Afirka, da talaucinsu da duhun kansu. Ba ta sauke kofin ba ta juya kan mai yi mata girki, Sophy, wai tun da aka yanke hukunci take ɗaure fuska, kuma ba don ta san tana bukatar dala ɗaya da santi 25 da take ba ta a mako ba da ta kore ta. Ta kuma yi habaici ga Atticus, a cikin gidansa, tana cin abincinsa. Laifi tudu ne. Ana tsakiyar wannan ne Atticus ya shigo da labarin cewa masu gadi sun harbe Tom a gidan yari, harsashi 17, wai ya nemi tsallake shinge. Ɗalibanmu 'yan Afirka ne. Su ne mutanen da matan nan ke kuka dominsu daga nesa, kuma ya kamata su ga yadda mai kukan ke yi da baƙin da ke tsaye a kicin ɗinta. Babu mashayi a falon nan, babu mai zagi, kowa ya yi wanka ya shafa hoda. Haka ma malama Gates a babi na 26, da ke koya wa yara cewa abin da Hitila ke yi wa Yahudawa zalunci ne, alhali Scout ta ji ta a matakalar kotu tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙen garin hankali.

Akwai wani ɗan bayani a babin farko da ake saurin wucewa. Lokacin da aka ce Boo Radley, maƙwabcin su Scout farar fata da ba ya fita daga gida, ya soki mahaifinsa da almakashi, shugaban 'yan sanda bai iya sa shi a kurkuku tare da baƙar fata ba, sai aka kulle shi a ɗakin ƙasa na kotu. A ƙarshen littafin kuma, da Boo ya kashe Ewell don ceton Jem da Scout, shugaban 'yan sanda Heck Tate ya tsaya a kan cewa Ewell faɗawa ya yi a kan wuƙarsa, ba za a ja mutumin nan gaban jama'a ba. Mai karatu yana jin daɗin wannan, ni ma haka. Amma Tate ɗin nan ne ya kama Tom a kan maganar Ewell ba tare da ya nemi likita ba. Ashe doka ta iya sassauci in ta ga dama. Ku tambayi yara wa take yi wa.

Game da gidan Robinson, dole a faɗa wa ɗalibai gaskiya cewa littafin bai shiga cikinsa sosai ba. Mun san tarihin Finch tun daga Ingila, amma ba a gaya mana sunan gidan su Calpurnia ba, ita kanta ba ta san ranar haihuwarta ba. Faɗuwar Helen, matar Tom, da aka kai mata labarin mutuwar mijinta, daga bakin Dill, abokin su Scout, muka ji. Inda ƙofa ta ɗan buɗe shi ne babi na 12, ranar da Calpurnia ta tafi da yaran cocinsu, wanda 'yantattun bayi suka saya da kuɗin farko da suka samu, farare kuma ke caca a cikinsa ranakun mako. Babu littafin waƙa, domin mutum huɗu kacal suka iya karatu. Zeebo, ɗan Calpurnia mai kwashe sharar gari, shi ke karanto baiti jama'a na amsawa. Rabaran Sykes ya sa aka rufe ƙofa, ya ce ba mai fita sai an haɗa wa Helen dala 10, saboda ba mai son ɗaukarta aiki. Wata mata mai suna Lula ta tare Calpurnia ta ce me ya kawo 'ya'yan farare nan, su da nasu cocin. Labarin ya nuna ta kamar mai neman fitina, jama'a suka ture ta gefe. Ni dai ina ganin tambayarta na da nauyi, tunda ita ba za a bar ta ta leƙa nasu ba, kuma zai yi kyau a bar aji ya yi gardama a kai. Labarin daga idon yarinya farar fata 'yar babban gida ya fito, marubuciyar ma 'yar lauya ce daga Monroeville ta Alabama. Abin da idon nan bai kai gare shi ba, aikin malami ne ya nuna cewa akwai shi.

Haka nan ba duk abin da Atticus ya faɗa ne za a haddace a matsayin tarihi ba. Ya ce wa Jem ƙungiyar Ku Klux Klan, ta farare masu yi wa baƙaƙe ta'addanci, ta shuɗe, kuma ko a da can kusan ta siyasa ce kawai. Alhali Bibb Graves, wanda ya yi gwamnan Alabama daga 1927 zuwa 1931 ya kuma dawo a 1935, ɗan ƙungiyar ne. Wanda ya samu dama ya leƙa Go Set a Watchman, da aka buga a 2015, zai tarar da Atticus ya tsufa yana halartar taron masu adawa da haɗa farare da baƙaƙe. Ba ya cikin manhaja, amma malami ya san da shi.

Ɗan tarihi kaɗan zai taimaka wa yara su gane cewa Tom ba ƙirƙira ce tsagwaronta ba. A 1931 aka kama samari baƙaƙe tara a jirgin ƙasa a Alabama, aka ce sun yi wa farare mata biyu fyaɗe, aka yanke wa takwas hukuncin kisa a Scottsboro cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin matan, Ruby Bates, ta janye maganarta a 1933. Alƙali James Horton da ya soke hukuncin ɗayansu ya faɗi zaɓe a shekarar da ta biyo. A 1935 Kotun Ƙolin Amurka ta ce cire baƙar fata daga masu taya alƙali hukunci ya saɓa wa tsarin mulki. Daga 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1960, mutum 455 aka kashe a Amurka bisa hukuncin fyaɗe, 405 daga cikinsu baƙar fata ne. Littafin ya fito a 1960, shekara biyar bayan kisan wani yaro baƙar fata, Emmett Till, a Mississippi da fara ƙaurace wa motocin bas a Montgomery, ya ci kyautar Pulitzer a 1961.

Za a samu ɗalibin da zai ce, Malam, ai wannan zamanin da ne. Ku ba shi labarin Walter McMillian. A Monroeville, garin marubuciyar, wanda ke alfahari da littafin nan, aka kashe wata budurwa farar fata a shagon wanki a 1986. Aka kama McMillian, baƙar fata mai sana'ar katako, wanda aka san ya yi hulɗa da wata farar mace. Mutane da yawa sun ce a lokacin yana gida wurin suyar kifi ta tara wa coci kuɗi, ba a saurare su ba. Shari'ar kwana ɗaya da rabi aka yi a 1988. Masu taya alƙali, 11 farare ɗaya baƙi, suka ce ɗaurin rai da rai, alƙali ya mayar da shi kisa. Sunan alƙalin Robert E. Lee Key, cikakken sunan Bob Ewell a littafin kuwa Robert E. Lee Ewell, dukansu sunan janar ɗin sojojin kudu masu kare bauta aka sa musu. Wannan karon mai sunan ba a bakin juji yake ba, a kujerar alƙali yake. Sai a 1993 lauya Bryan Stevenson ya samu aka saki McMillian, bayan ya shafe kusan shekara shida yana jiran kisa.

In lokaci ya ƙure muku, babi na 12 da na 23 da na 24 ku karanta su a aji daga littafin kansa, ba daga taƙaitawa ba. Allah ya taimaka, ya ba yaranmu sa'a.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin adabi